Amsa ga mai tambaya kan anime na ban tsoro da wasannin labari

Ɗan'uwa, ka ce ka saba da finafinan ban tsoro amma anime, wato zane mai motsi na Japan, bai taɓa razana ka ba, kana kuma tambaya ko wasannin labari, waɗanda ake karantawa a kwamfuta ana latsawa, sun cancanci lokacinka. Na daɗe ina bin duka ukun, kuma amsata ita ce eh, sun cancanta.

Fim yana da abin da zane ba shi da shi: jikin mutum na gaske. Dubi Ringu na Hideo Nakata, wanda ya fito a Japan a 1998. Lokacin da Sadako, fatalwar fim ɗin, take rarrafowa daga cikin talabijin, gashi ya rufe mata fuska, gaɓoɓinta na motsi ba yadda na mutane suke yi ba, tsigar jikinka ce ke tashi tun kafin ka yi tunani. Zane ba zai iya wannan ba. Shi ya sa anime da ke dogaro da dodo ya faɗo kwatsam ba ya kai labari. Wanda ya yi nasara hankali yake rikitawa, kamar Perfect Blue na Satoshi Kon a 1997, inda kai da jarumar kuke rasa gane mafarki da zahiri.

Wasan labari kuwa haƙuri yake nema, kuma da haƙurin yake kama ka. Higurashi ne misalina. Marubucinsa, mai laƙabin Ryukishi07, ya fara fitar da shi a 2002, babi takwas, huɗu na tambaya, huɗu na amsa. Labarin wani ƙauye ne, Hinamizawa, a watan Yuni na 1983, inda duk shekara bayan biki mutum ɗaya ke mutuwa, ɗaya ya ɓace. Za ka daɗe kana karanta wasan yara a makaranta, barkwanci da tsokana, har ka fara ƙosawa. Kada ka tsallake, don Allah. A nan ne yaran suke shiga ranka. Ranar da Keiichi, jarumin labarin, ya yi wa abokiyar karatunsa Rena ƙarya, kiɗan ya ɗauke ɗif, sai kukan gyare, idanunta suka sauya, rubutun ya tsaya yana jiranka. Babu abin da zai faru sai ka latsa da yatsanka. A fim kana iya kawar da kai labari ya wuce, a nan kai ne mai tura shi gaba, ga shi ba ka so. Wallahi ban taɓa jin hannuna ya yi nauyi a gaban fim haka ba.

An mayar da Higurashi anime a 2006, kuma ba laifi, sai dai an gaggauta, jini ya fi tsoron yawa. Zanen wasan na asali ma ba shi da kyau, hannuwa manya-manya, amma ba a jimawa ido ke sabawa.

Idan za ka fara, sa abin sauraro a kunne, domin rabin aikin sauti ne, kuma ka guji neman bayani a intanet, jimla ɗaya tana iya ɓata maka komai. Sannan ka duba iyakar shekaru kafin ka sauke kowane irin wasan nan. Wasu akwai batsa a ciki, shi kansa Higurashi akwai azabtarwa mai tsanani, ba abin da za ka kunna ƙannenka na kusa ba ne.