Ku Tambayi Malam: Garin Masaƙu da Ba Ya Noman Auduga

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa. 'Yata tana karatu a wani gari na Amurka, Lowel, ta ce benen da take haya tsohuwar masaƙa ce, kuma irinsa sun cika garin. Su ma auduga suke nomawa kamar mu? Me ya kashe masaƙun?
Daga wata Hajiya, Garwa, Kamaru

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa, ya ba yarinya sa'a. Ko ƙwaya ɗaya ta angurya ba a shukawa a Lowel, sanyin jihar Masacusets ba zai bari ba. Ruwa ne ya kafa garin. Kogin Merimak yana gangarowa wajen mita 10 a nan, sai attajiran Boston suka janye shi ta magudanai don ya juya musu injunan kaɗi da saƙa. Masaƙar farko ta fara aiki a 1823. Sunan garin kuwa na Francis Cabot Lowell ne, wanda ya zaga masaƙun Ingila ya haddace ƙirar injinsu a ka, don an hana fitar da zanen. Ya rasu a 1817, bai ga garin ba.

Masu aikin ne suka fi tsaya mini a rai. 'Yan mata ne daga ƙauyukan manoma, sa'o'in 'yarki. A 1840 ma'aikata sun haura 8,000, kusan kashi uku cikin huɗu mata. Ƙararrawa ke tashinsu tun da jijjifi, ita ke sallamarsu da dare, aikin awa 12 zuwa 13 a tsaye. Tagogi a rufe don kada zare ya bushe ya tsinke, ƙurar auduga na shiga ƙirji. Da aka zaftare musu albashi a 1834 suka fito titi, suka sake fitowa a 1836 kan kuɗin ɗaki da abinci. Ni kam ina jinjina musu. Daga baya baƙi suka maye gurbinsu: 'yan Ayalan, 'yan Kanada masu jin Faransanci, Girkawa.

Audugar kuma daga jihohin kudancin ƙasar Amurka take zuwa a dila-dila, kuma har zuwa yaƙin basasar 1861 bayi baƙar fata ne ke tsinkarta. Wasu masaƙun har akoko mai kaushi suke saƙawa a mayar wa iyayengijin bayin su tufatar da su. Manomi da zufa, mai masaƙa da riba. Wannan yana yi mini ciwo duk lokacin da na ga tirela ta ɗauki dilolin audugarmu daga Garwa ta nufi Duwala, alhali yawancin atamfar da ke rumfarki daga ƙetare ta zo.

Da tururi da lantarki suka samu, kogin ya daina zama dole. Daga shekarun 1920 saƙa ta koma Kudu, kusa da gona, inda lebura ke da araha, kuma manyan masaƙun ƙarshe suka rufe a shekarun 1950. A 1978 gwamnati ta mayar da unguwar wurin tarihi, wasu benayen suka zama gidajen haya. Ki ce wa 'yarki ta leƙa gidan tarihin masaƙar Boott, har yanzu ana tayar wa baƙi tsofaffin injunan saƙa, ta ɗauko miki bidiyo ki ji ƙararsu.