Tambayi Likita: Kaska da cututtukan da take ɗauka

TAMBAYA: Likita, kaska tana sa wa mutum cuta, ko dabbobi kaɗai take addaba? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Tana sawa ƙwarai. A cikin ƙwarin da ke yaɗa cuta ga ɗan Adam, in ka cire sauro, sai ita. Yawancin cizonta yana warkewa lafiya lau, amma duk zazzaɓin da ya biyo bayan cizon kaska, a kai shi asibiti.

TAMBAYA: 'Yata da ke karatu a Amurka ta ce ana gargaɗinsu kan wata cuta mai suna Lyme. Tana nan wajenmu? Daga wani dattijo a Kano.

AMSA: Baba, kwantar da hankalinka. Cutar Amurka ta Arewa ce da Turai da wasu sassan Asiya, kuma irin kaskar da ke yaɗa ta a dazuzzukan can take. 'Yarka ta riƙa duba jikinta in ta dawo daga cikin ciyawa. In ta ga jan tabo yana faɗaɗa a fatarta, ta je asibiti, akwai magani.

TAMBAYA: Na ga kaska ta maƙale a bayan kunnen yarona ɗan shekara 4. Na ɗiga mata kananzir ba ta saki ba, sai maƙwabciyata ta ce in shafa piya-piya. Na shafa kaɗan ta faɗi. Akwai matsala? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Haba Hajiya! Piya-piya a kan yaro? Don girman Allah kada a sake. Guba ce da aka yi don kashe ƙwari, kuma fata tana tsotse ta, balle fatar ƙaramin yaro. Haka ma maganin wankan shanu da wasu ke zuba wa yara a ka. Ki wanke wurin yanzu da sabulu da ruwa mai yawa. In kika ga yana dalalar miyau, ko zufa mai yawa, ko amai, ko numfashi da ƙyar, ko jijjiga, ki ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ki tafi da kwalbar a hannu. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Kananzir da basilin da kan ashana mai zafi duk ɓata lokaci ne, kaskar tana nan tana zuba yawunta a jiki kina jiran ta saki. Ki sami hantsaki, ki kama ta ta wajen kai daf da fata, ki ja a hankali kai tsaye, ba murɗawa ba fizga. Sannan ki wanke wurin. Ki sa ido a kansa har wata guda. In baƙin ɓawo ya fito a wurin cizon, ga kaluluwa, ga zazzaɓi da ciwon kai, wannan alamar wani zazzaɓin kaska ne da ake samu a Afirka, kuma yana jin magani. Likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba.

TAMBAYA: Ni mahauci ne. Ƙanena da muke fiɗa tare a kwata ya kwana 4 yana zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da na baya, idonsa ya yi ja. An yi masa allurar maleriya a kemis, ba sauƙi. Jiya ya fara haɓo, dasashinsa ma yana jini. Manya sun ce jifa ne daga abokan sana'a, an fara masa hayaƙi. Me za mu yi? Daga wani mai karatu a Maiduguri.

AMSA: Malam, wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali. Ka ajiye komai ka kai shi babban asibiti yau. Zazzaɓi haɗe da zubar jini yana iya zama Lassa, ko shawara, ko maleriya mai tsanani, kuma ga mai sana'a irin taku akwai wani da ake yawan mantawa da shi, wato zazzaɓin Kirimiya da Kwango. Gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

An fara gane wannan cuta a yankin Kirimiya a 1944, aka sake samun ƙwayar a Kwango a 1956. Bairos ne da wata kaska mai ƙafafu dabbare-dabbare take ɗauka, irin wadda kuke gani a ƙarƙashin wutsiyar shanu da raƙuma. Abin da ke ruɗin mutane shi ne dabbar ba ta nuna ciwo. Sa zai tsaya garau yana tuƙa, alhali ƙwayar tana yawo a jininsa kamar na mako guda. Mutum yana kamuwa in kaskar ta cije shi, ko ya murƙushe ta da yatsa jininta ya shiga wani ɗan rauni, ko jinin dabbar ya taɓa yankan wuƙa a hannunsa ko ya fallatsar masa a ido. Wane mahauci ne ba shi da yanka a hannu? Bayan cizo ciwon yakan tashi cikin kwana 1 zuwa 3, bayan taɓa jini kuwa kwana 5 ko 6, wani lokaci har 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 suna rasuwa. Turkiyya da Iraƙi suna fama da ita duk shekara, an yi ɓarkewarta a Muritaniya a 2003, kuma bincike ya nuna alamarta a jinin mutane a nan Borno.

Batun jifa kuwa, ina girmama manyanku, a ci gaba da addu'a, amma a yi ta a bakin gadon asibiti. Hayaƙi ba ya tsayar da jini. Kuma ina roƙonka, kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, kada a sake tsira masa allura a tsoka, kada a yi masa ƙaho ko tsaga. Duk waɗannan ƙara zubar jinin suke yi. A asibiti za a iya yi masa ƙarin ruwa da ƙarin jini, a sa ido a kan hantarsa da ƙodarsa, kuma wanda aka kai da wuri ya fi samun tsira.

Ku da ke jinyarsa ma kuna cikin haɗari, domin jininsa da amansa suna yaɗa cutar. Mutum ɗaya ya kula da shi, da safar hannu, ko leda in babu. Da kun isa ka gaya wa ma'aikata sana'arsa da batun jinin tun daga ƙofa, don su kare kansu. Za ka iya kiran NCDC, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, kyauta a 6232. Kai ma da sauran abokan fiɗarku, duk wanda ya ji zazzaɓi cikin mako biyu, ya tafi asibiti ba tare da jira ba.

TAMBAYA: Ina fatauci zuwa Mali, ina kwana a ƙauyuka. Zazzaɓi yakan kama ni kwana 3, ya sake ni kamar mako guda, ya dawo. Gwajin maleriya ba ya nuna komai. Daga wani falke a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, ka gaya wa likita inda kake kwana. A Mali da Senegal da Muritaniya akwai wata ƙaramar kaska da ke zama a ramukan ɓeraye cikin ɗakuna, ta ciji mutum da dare ta koma, bai ma sani ba. Zazzaɓinta haka yake tafiya yana dawowa. A ɗebi jininka lokacin da jikin ke da zafi, a lokacin ake ganin ƙwayar. Yana warkewa da magani, sai dai a sha na farko a gaban ma'aikacin lafiya, don jiki kan rikice na 'yan sa'o'i. Ga mai juna biyu yana jawo ɓari, kada a yi wasa da shi.

TAMBAYA: Ragon layyata yana da kaska. Namansa zai ciwu? Daga wani magidanci a Sakkwato.

AMSA: Zai ciwu, in an dafa shi sosai. Haɗarin yana wajen yanka da fiɗa. Likitan dabbobi ya yi masa maganin kaska mako 2 kafin Sallah, ka tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci naman. Mai fiɗa ya sa safar hannu, a hana yara wasa da jini da fata, kuma wanda ya yi zazzaɓi bayan Sallah ya je asibiti ya faɗi cewa ya yi fiɗa.