Hukuncin rataye ƙoƙon kan barewa a bangon falo

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune da iyalina a jihar Mishigan ta Amurka. Maƙwabcina Kirista ne kuma maharbi, duk tsakiyar watan Nuwamba idan aka buɗe farautar barewa da bindiga sai ya shiga daji. Bana ya yi mini kyautar ƙoƙon kan wani namijin barewa, irin ta can mai ƙaho rassa-rassa. Ya dafa kan, ya kankare naman tas, ya shafa maganin da ya mayar da ƙashin fari fat, ya kafa shi a jikin katako. Na rataye shi a falo, inda muke salla. Maiɗakina ta ce mala'iku sun daina shigo mana. Hajiyata kuwa muna waya ta bidiyo ta hango shi a bayana, ta ce yaushe na fara tsafi. Akwai kuma wani ƙaho da na tsinta a daji, wanda barewa ta zubar da kanta. Baɗi ina son in yanki lasisi in yi farautar da kaina. Mene ne hukuncin duk wannan?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ka fara kwantar wa maiɗakinka da hankali. Hadisin da take nufi ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura. Amma sura ita ce abin da ɗan Adam ya zana ko ya sassaƙa yana kwaikwayon halittar Allah. Ƙashin da ke bangonka Allah ne ya halicce shi, maƙwabcinka wankewa kawai ya yi. Hadisin bai hau kansa ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ƙarfi. Abu Dawuda da Ahmad sun ruwaito cewa bayan Annabi (SAW) ya shiga Ka'aba, ya ce wa mai riƙe da mabuɗinta, Usman ɗan Ɗalha, ya manta bai umarce shi ya lulluɓe ƙahonnin nan biyu ba, domin bai kamata a bar abin da zai shagaltar da mai salla a cikin Ɗakin ba. Ƙahonnin ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi ne, suna rataye a ciki har Ɗakin ya yi gobara a shekara ta 64 bayan hijira, zamanin Abdullahi ɗan Zubairu. Annabin da ya kakkarya gumakan da ke kewaye da Ka'aba, ya sa aka goge zanen da ke cikinta, bai ce a fitar da ƙahonnin ba. Cewa ya yi a rufe su. Daga nan muka fahimci rataye ƙaho a karan kansa ba haramun ba ne, kuma ba a barinsa inda idon masallaci zai riƙa faɗawa a kai. Idan bangon alƙibla ka rataye naka, ka sauke shi daga nan yau, kafin mu je ga sauran maganar.

Wanda na fi ƙyama shi ne ɗaya salon, na kan barewa da fatarsa da idanunsa har zuwa kafaɗa. Masu wannan sana'a ba dabbar suke busarwa ba. Sassaƙaƙƙen kai na roba suke ɗaukowa, su lulluɓa masa jemammiyar fata, su dasa idanun gilashi. Ƙarƙashin fatar nan mutum-mutumi ne da hannu ya ƙera, ga tsada. Wannan ka nisance shi.

Sai maganar tsarki, inda malamai suka daɗe suna saɓani. Dabbar da ake ci, idan ta mutu ta hanyar da shari'a ta yarda, yanka ko farauta mai cika sharuɗɗa, ƙashinta da ƙahonta da kofatonta duk masu tsarki ne, babu mai jayayya. Tambayar ita ce: barewar maƙwabcinka ta samu wannan? Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa sun halatta abin da Bayahude ko Kirista ya farauto, kamar yadda yankansa ya halatta, duk da cewa Hanafawa da Hambalawa suna sharɗanta ambaton sunan Allah. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa shi ne, naman dajin da ya mutu da raunin maharbi ba ya halatta sai maharbin Musulmi ne. Ke nan a wajenmu wannan barewa mushe ce.

To ƙashin mushe fa? Duk wanda ya yi Risala a zaure ya wuce ta wurin da Ibn Abi Zaid yake cewa ana amfani da gashin mushe, amma ba a amfani da ƙahonsa da kofatansa da haƙoransa. Muhtasar na Halil ma ya jera ƙaho da ƙashi cikin najasa, ko daga matacciyar dabba aka cire ko daga mai rai. Shafi'awa da Hambalawa suna tare da mu a kan ƙashi. Hujjarsu ayar ƙarshen suratu Yasin ce, inda kafiri ya ce wa zai rayar da ƙasusuwa bayan sun rududduge, Allah ya ce wanda ya fare su karon farko shi zai rayar da su. Suka ce abin da ake rayarwa yana mutuwa, abin da ya mutu kuwa mushe ne. Ƙahon da ka tsinta ma a nan ya faɗo, saboda hadisin Abu Waƙid al-Laisi da ke wajen Abu Dawuda da Tirmizi, cewa abin da aka yanke daga jikin dabba tana raye mushe ne.

Hanafawa suka ce a'a. Abin da ke najasta mushe jini ne da danshin da suka maƙale a jikinsa, busasshen ƙashi kuwa ba shi da su. Suka kafa hujja da hadisin matacciyar akuyar Maimuna matar Annabi, inda Annabi (SAW) ya ce cin mushe ne aka haramta. Buhari ya kawo maganar Zuhuri, malami daga tabi'ai, cewa ya riski magabatan malamai suna taje gashi da matajin ƙashin giwa, suna zuba mai a cikinsa, ba sa ganin laifi. Ibn Taimiyya, ko da yake Bahambale ne, wannan ra'ayi ya zaɓa. Ni ma zuciyata ta fi karkata gare shi, musamman game da ƙahon tsintuwa. Wannan irin barewa ƙahonta yana tsirowa ne da wata fata mai laushi mai ɗauke da jini, sannan jinin ya yanke, fatar ta saɓule, ƙahon ya zama busasshen ƙashi, can cikin hunturu ya faɗi da kansa, wani ya tsiro. Ba wanda ya yanke shi, ba jini a cikinsa.

Ko a mazhabarmu ma sallolin da kuka yi a falon suna nan daram. Najasar da ke ɓata salla ita ce ta jiki, ko tufa, ko inda gaɓoɓin mai salla suke taɓawa. Busasshen abu a jikin bango bai shiga ciki ba. Kada ku rama ko ɗaya.

Hajiya kuma, Allah ya ƙara mata lafiya, ba daga sama ta tsinci maganarta ba. Ni da idona na sha ganin ƙoƙon kan jaki ko na sa an soke shi a tsinin sanda a tsakiyar garka, ya yi fari da rana, mai gonar ya ce saboda kambun baka ne. Ta ga irinsa a bakin ƙofar wasu, ta ga kawunan dabbobi a shimfiɗar masu magani a kasuwa. Idonta ya saba ganin ƙoƙon kai tare da wannan aƙida. Kuma aƙidar ce babban haɗari a wannan babi, ta fi maganar najasa nesa ba kusa ba. Ahmad ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka. Annabi (SAW) ya aika a tsinke tsirkiyar baka da ake ɗaura wa raƙuma a wuya, Imamu Malik ya ce a Muwaɗɗa yana ganin saboda kambun baka suke ɗaurawa. Gaskiya ne wasu littattafan Hanafawa sun sassauta a kan kafa ƙoƙon kai a gona, amma hadisin da aka dogara da shi mai rauni ne, ba zai tsaya gaban waɗannan ba. Wannan tsoro na daga cikin dalilan da suka sa kwamitin fatawa na Saudiyya, zamanin Shaihu Ibn Baz, ya hana ajiye busassun dabbobi don ado, tare da cewa ɓarnar dukiya ce, ko da yake sun yarda abin ba sura ba ne. Duk ranar da ka ji a ranka cewa ƙahon nan yana tsare gida ko yana jawo sa'a, ya haramta gare ka nan take, ko da da hannunka ka yanka dabbar.

Game da farautar baɗi, halal ce idan nama kake nema. Ka yanki lasisi, ka tsaya kan adadin da hukuma ta ƙayyade da ranakun da ta buɗe, domin da alkawarin bin dokarsu ka shiga ƙasar. Ka yi bismilla lokacin harbi. Malamanmu na baya-baya, tun daga malaman birnin Fas na ƙasar Maroko, sun halatta abin da harsashi ya kashe saboda yana huda jiki ya zubar da jini. Idan ka tarar da ita da sauran rai, ka yanka. Abin da ba na so ka koyo shi ne ɗabi'ar maharbin da ke ƙirga rassan ƙaho kafin ya tuna da nama. Risala ta ce farauta don wasa makaruhi ce. Nasa'i ya ruwaito cewa wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba Allah zai tambaye shi, aka ce mene ne haƙƙinsa, Annabi (SAW) ya ce ya yanka ya ci, kada ya cire kansa ya jefar. Mun ga abin da farautar ganganci ta yi wa namu dajin. Mariri, dabbar nan dangin barewa mai dogon ƙaho da ke yawo a sahel ɗin Nijar da Chadi, sai da aka ayyana ya ƙare a daji a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara maido da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a killace.

Hukuncin da nake ba ka shi ne: kan barewar da ka harba da kanka bisa sharuɗɗa, ka ci namanta ka yi sadaka, ya halatta ka tsabtace shi ka rataye, ba a alƙibla ba, ba don kariya ko alfahari ba, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Ƙahon tsintuwa da kyautar maƙwabcinka ba zan ce maka haramun ne ba, tunda na gaya maka ra'ayin da na rinjayar. Amma ka sauke su daga falo ka kai gareji ko ɗakin ajiya. Mazhabar da ka tashi a cikinta tana ganinsu najasa, maiɗakinka ba ta sake da su ba, mahaifiyarka kuma ranta ya sosu, alhali kyautata mata wajibi ne, adon bango kuwa iyakarsa halal. Maƙwabcinka ka gode masa, ka rama masa da kyauta, ba sai ka ba shi labarin saɓanin malamai ba. Idan kun sake waya da Hajiya, ka juya mata wayar ta ga bangon.

Allah ne mafi sani.