Dalilin da ya sa amai da gudawa ke dawo wa yaro bayan ya warke

Malama, kin tambayi yadda za a yi ɗanki ya kamu da amai da gudawa har sau biyu cikin wata huɗu, likita kuma ya ce duka biyun ƙwayar cutar bairos da ake kira norobairos ce, alhali kin ɗauka wanda ya taɓa yi ya tsira ke nan. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin kwantar da yara, kuma na sha jin wannan tambaya daga bakin iyaye.

Norobairos dangi ne mai rassa da yawa, kuma garkuwar da jiki ke samu bayan kamuwa da reshe guda ba ta cika kare shi daga wani reshen ba, ba ta kuma daɗewa. An gano ƙwayar a 1972 daga ɓarkewar da aka yi a wata makarantar firamare a Norwalk ta Amurka a 1968. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 nau'in da ake kira GII.4 ne ya mamaye duniya, yana sauya kamanni bayan 'yan shekaru, ta yadda da zarar jikin mutane ya saba da wani, sai sabo ya ɓullo. An ga haka a 2002 da 2006 da 2009, sannan a 2012 wanda aka laƙaba wa sunan birnin Sidni na Ostireliya ya bayyana ya zauna daram tsawon shekaru. A lokacin sanyin 2014 zuwa 2015 wani nau'i daban, GII.17, ya taso a ƙasar Sin da Japan, ya lafa, sai ga shi a 2024 zuwa 2025 ya kere GII.4 a Amurka da Ingila. Akwai kuma GII.3 da aka fi samu a jikin ƙananan yara. Wannan sauye-sauye na daga cikin dalilan da suka sa har yanzu ba a samu allurar rigakafinta ba, kuma rigakafin rota da ake ɗiga wa jarirai, duk da amfaninsa, na wata ƙwaya ce daban.

Abin da ya fi damuna shi ne, a gadon asibiti ban taɓa ganin sunan nau'in ya sauya wa yaro komai ba. Wanda ya galabaita, ƙarancin ruwa ne ya galabaitar da shi. Na ga uwar da ta hana ɗanta sha saboda tsoron amai, kafin gari ya waye idanunsa sun faɗa. Ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS cokali-cokali ko da yana amai, ki ci gaba da shayarwa idan yana shan nono, ki haɗa da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa wannan ƙwaya.

Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta sosai, don haka sabulu da ruwa ne abin dogaro, musamman bayan sauya ƙunzugu, kuma inda aka yi amai a wanke da bilic. Yaro kan ci gaba da fitar da ƙwayar a bayan gida har mako biyu ko fiye bayan ya warware, kada ya koma makaranta sai ya kwana biyu ba amai ba gudawa. Idan fitsarinsa ya ɗauke, ko yana kuka babu hawaye, ko kika ga jini a bayan gidansa, ki garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne. Allah ya ba shi lafiya.