Amsa ga Alhaji kan sa wa bidiyon riɗi rubutun Sinanci

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari tambayarka tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu bayan la'asar na samu sarari. Ka ce kana da bidiyo na minti 6 wanda ke nuna yadda ake tankaɗe riɗi a sitonku, a auna shi, a ɗura a buhu, kana so a sa masa rubutun Sinanci a ƙasan allo domin ka tura wa masu saye, kuma ka tambaya ko manhajar fassara ta waya za ta wadatar ko dole sai an biya masu sana'ar. A fahimtata kuɗin aikin ba shi ne ya tsaya maka a rai ba, domin mutumin da ke loda kwantena ba zai tsaya cinikin minti 6 ba. Abin da ke damunka shi ne za ka biya aikin da ba za ka iya karanta ko baƙi ɗaya a cikinsa ba, sannan ka ɗora sunan gidanku a kansa ka tura wa baƙo. A kan wannan zan yi magana.

Kafin a kai ga wanda zai fassara, sai ka faɗa mana inda mai sayen yake zaune, domin rubutun Sinanci iri biyu ne. Akwai sauƙaƙƙen rubutu, wanda gwamnatin Beijin ta fara fitar da tsarinsa a 1956, shi ake karantawa a babban yankin Sin da Singafo. Akwai kuma tsohon rubutu na gargajiya, wanda har yau shi ake amfani da shi a Taiwan da Hong Kong da Makau. Wani zai ce ai akwai manhajar da ke juya ɗaya ya koma ɗayan cikin ƙiftawar ido, kuma gaskiya ne akwai, sai dai siffar baƙaƙen kawai take juyawa, ba ta san kalmar da mutanen wurin ke faɗa ba. Sunan ƙasarmu ma ya sha bamban: a Beijin "Niriliya" ake rubutawa, a Taiwan kuwa "Naijiliya". Kalmar "tudou" a babban yankin dankalin Turawa take nufi, amma a Taiwan mutane da yawa gyaɗa suke nufi da ita, kuma ɗan kasuwar amfanin gona ya san abin da irin wannan ruɗani zai iya jawowa. Na ji wani a zauren nan ya ce tun da mutanen birnin Gwanzu na kudancin Sin harshen Kantonanci suke yi, sai a fassara da Kantonanci. Wannan maganar ta dace ne idan za a ɗora murya. Idan rubutu ne a ƙasan allo, mutumin Gwanzu daidaitaccen Sinanci yake karantawa da sauƙaƙƙen rubutu, kamar yadda mutumin Shanghai yake karantawa.

Sannan shi rubutun ƙasan allo sana'a ce dabam da fassarar takarda, kuma a nan ne manhajar waya take gazawa ko da ta dace da ma'ana. Mai karanta takarda yana iya tsayawa ya koma baya, mai kallo kuwa hoto ba ya jiransa. Ƙa'idar da kamfanin Netflix, mai nuna finafinai ta intanet, ya shimfiɗa wa masu yi masa aiki ta isa misali: layin Turanci yana ɗaukar harafi 42, amma layin Sinanci baƙi 16 ne iyakarsa, layi biyu kacal a lokaci guda, kuma ga manya ba a so saurin karatu ya wuce baƙi 9 a daƙiƙa. Ba a sa waƙafi ko aya a ƙarshen layi, fili ake bari a inda numfashi ya tsaya. Ba a kuma yanke layi a tsakiyar kalma, wanda abu ne mai sauƙin faruwa tun da Sinanci ba ya barin fili tsakanin kalmomi, kuma wanda bai iya harshen ba ba zai ga inda kalma ta fara da inda ta ƙare ba. To ku duba yadda muke magana mu Hausawa, mu fara da gaisuwa, mu yi addu'a, mu kawo karin magana, sannan mu shiga batun. Dole mai fassara ya san abin da zai taƙaita da abin da ba zai taɓa ba, kuma wannan hukunci ne na mai hankali wanda ya san harsunan biyu.

Bari in gyara abin da na faɗa yanzu, kada a ɗauke shi a matsayin doka. Adadin nan na 16 na faffaɗan allo ne irin na talabijin da kwamfuta. Idan bidiyonka a tsaye aka ɗauke shi da waya, layin ba zai ɗauki haka ba, sai an rage, kuma wannan yana cikin abin da za ka faɗa wa mai aikin tun farko.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma waɗanda suka daɗe a zauren nan sun san labarin, amma zan maimaita shi saboda Alhaji. Shekarun baya na haɗa wa wani gidan majema ɗan gajeren bidiyo da za su nuna wa masu sayen fata a Sin. Dattijon gidan ya zauna yana ba da tarihin sana'ar, ya ce baffansa ne ya koya masa jima bayan rasuwar mahaifinsa, kuma wansa ne ke riƙe da gidan yanzu, shi kuwa yana kula da harkar waje. Na fassara maganarsa zuwa Turanci da kaina, na tura wa wani kamfani da na samu a intanet, suka juya Turancin zuwa Sinanci, suka dawo mini da shi cikin kwana biyu, na biya, na manna, na miƙa. Sai da bidiyon ya isa hannun wani ɗalibinmu da ke karatu a can ya kira ni ya ce, Malam, a rubutun nan kawu ne ya koya wa dattijon sana'a, wato ɗan'uwan mahaifiyarsa, kuma ƙanensa ne shugaban gida.

Ku lura da inda ɓarnar ta shigo. Turanci kalma ɗaya gare shi ga baffa da kawu, kalma ɗaya ga wa da ƙane. Sinanci kuwa kamar Hausa yake a nan, har ma ya fi mu rarrabewa. Wan mahaifi "bobo" ne, ƙanen mahaifi "shushu", ɗan'uwan mahaifiya "jiujiu". Wa "gege" ne, ƙane "didi". Basine ba shi da hanyar da zai rubuta jimlar ba tare da ya zaɓi ɗaya ba, kuma da yake Turancin da na ba shi ya riga ya shafe bambancin, sai ya yi canke. Ni na yi kuskuren rashin sa bayani, na yarda, amma su ne masu sana'ar, su suka san harshensu yana buƙatar wannan bayanin, kuma saƙo ɗaya tak da tambaya ya isa ya raba gardama. Ba su tambaya ba. Da na koma musu, sai suka ce sun fassara abin da aka ba su, gyara kuma sabon aiki ne da sabon kuɗi. Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne, mene ne haɗin kawu da cinikin fata? Haɗinsa shi ne dukan hujjar bidiyon ita ce sana'ar gado ce ta wajen uba, kaka da kakanni, kuma Sinawa mutane ne da ke ba wa tsarin girma a cikin dangi muhimmanci. An sa ƙane a kan wa, an mayar da gadon gida ya zama abin da aka koyo a dangin uwa. Dattijon bai yi mini faɗa ba, ya dai yi shiru na ɗan lokaci, ya ce a gyara kafin wansa ya ji. Har yau wannan shirun bai bar ni ba.

Haka batun girmamawa yake. Mu muna ce wa babba "ku", Sinanci yana da "nin" ga wanda ake girmamawa da "ni" ga tsara, Turanci kuwa duk ya haɗe su. Haka kalmomin addini: Musulmin Sin suna da nasu kalmomin da suka kafu tun da daɗewa, halal "qingzhen" ne, masallaci "qingzhensi", kuma "Zhenzhu" suke cewa idan suna nufin Allah, alhali wanda ya bi ta Turanci yana iya ɗauko kalmar da Kiristocin can suke amfani da ita. Abin takaicin shi ne ba a rasa waɗanda suka iya Hausa da Sinanci kai tsaye ba. Gidan rediyon Sin yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijin, kamfanin talabijin na StarTimes na juya wasannin kwaikwayon Sin zuwa Hausa, ga kuma yaranmu da suka yi karatu a can suka dawo. Idan ka samu irin waɗannan, ka fifita su. Idan dole sai an bi ta Turanci, to a haɗa wa mai fassara takardar bayani, a rubuta masa wane ne wa wane ne ƙane, wa ake girmamawa, da ma'anar kowace kalma ta sana'a.

A naka bidiyon, Alhaji, inda nake jin tsoro shi ne alƙaluma. Sinawa ba da dubu suke ƙirga manyan lambobi ba, da "wan" suke yi, wato 10,000. Dubu 50 a wurinsu "wan" 5 ne, miliyan ɗaya "wan" 100 ne, kuma sifili ɗaya da ya zame ya isa ya mayar da sitonka ya ninka sau goma ko ya ragu sau goma a idon mai saye. Akwai kuma ma'aunin "jin", wanda a babban yankin rabin kilo ne, a Taiwan kuwa giram 600. Kwanan wata ma daga shekara suke farawa, sai wata, sai rana. Shawarata ita ce duk adadin da ke cikin bidiyon, nauyin buhu ne ko yawan tan ko kason tsabta, ka rubuta shi da lamba a takarda dabam, ka ce a bar shi da lambobin da kowa ya sani da kilo da tan, domin ko ba ka iya Sinanci ba za ka iya duba su da idonka.

Batun inda za a kalla kuma, kada ka ce za ka ɗora a YouTube ka tura musu mahaɗa, domin YouTube da Facebook da WhatsApp duk a toshe suke a babban yankin Sin. Idan a can mai sayen yake, ta WeChat, manhajar aika saƙo ta Sinawa, za ka tura, don haka a manne rubutun a jikin hoton ya zama ɗaya da shi. Sinawa sun saba da haka, ko shirin talabijin da aka yi da harshensu akan sa masa rubutu a ƙasa. Amma ka karɓi fayil ɗin SRT, wato fayil ɗin rubutun da lokutan fitowarsa, daban ka ajiye, a adana shi da tsarin UTF-8 mai ɗaukar baƙaƙen Sinanci, saboda ranar da za ka so gyara. Wanda zai manna kuma ya tabbata kwamfutarsa na da salon rubutun da ke ɗauke da baƙaƙen Sinanci, in ba haka ba 'yan akwatuna ne za su fito a madadin baƙaƙe.

Wajen zaɓen mai aikin, yawanci da mintin bidiyo suke lissafi, saboda haka ka tambayi abin da farashin ya ƙunsa: rubuta maganar, fassara, daidaita lokaci, duban mutum na biyu, mannawa, da gyara sau nawa bayan an miƙa. Ka tambaya ko wanda zai rubuta Sinancin harshen uwarsa ne kuma daga yankin mai sayenka yake. Takardar HSK, wato jarrabawar Sinanci ta baƙi, shaidar iya harshe ce, ba ta nuna mutum ya iya fassara, jarrabawar masu fassara a Sin ita ce CATTI. Ka ba su minti ɗaya gwaji, ka zaɓi mintin da ke da lambobi da sunayen wurare kamar Maigatari da Dawanau, ka ga ko za su dawo maka da tambayoyi. Wanda ya dawo da aikin ba tare da tambaya ko ɗaya ba, ni dai ba zan ba shi sauran ba. Manhajar waya kuwa tana da amfani guda a wurinka, ka ɗauki Sinancin da suka ba ka ka juya shi baya domin ka ga ko an tsallake wani abu ko an canza lamba, amma ba za ta gaya maka ko maganar ta yi daɗin karatu ba. Wannan sai ka nemi wani na uku da ba shi da alaƙa da kamfanin, ka kashe masa sauti, ya kalli bidiyon da rubutun kaɗai, sannan ya ba ka labarin abin da ya fahimta da Hausa.

Ka turo mini bidiyon ta akwatina yau da dare, tare da sunan garin da mai sayen yake. Zan rubuta maganar da ke ciki da takardar bayanin, gobe in Allah ya kai mu sai mu zauna mu bi lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin a tura wa kowa. Wassalamu alaikum.