Amsa ga Malam kan yarjejeniyar haƙƙin nakasassu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malam, na ji muryar da ka tura jiya da daddare, inda kake cewa tun da Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin nakasassu, me zai hana mu ɗauke ta mu tafi kotu a nan Gombe. To, ka yi haƙuri, yarjejeniyar ita kaɗai ba za ta kai ka ko'ina ba a gaban alƙali.

Gaskiya ne an amince da ita a Disamba 2006, Najeriya ta sa hannu a Maris 2007, ta tabbatar da ita a Satumba 2010. Amma sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk yarjejeniyar da aka ƙulla da waje ba ta zama doka a ƙasar nan sai Majalisar Tarayya ta yi mata doka. Shi ya sa aka yi ta jan ƙafa har Janairun 2019, lokacin da Buhari ya rattaba hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Wannan dokar ita ce sandarmu, Malam, ita za mu riƙe.

A cikinta, mutumin da ya nuna wa nakasasshe wariya tararsa naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Kamfani kuwa miliyan 1. Ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na aiki. In layi ake bi, a fara sallamar ka. Kuma, wannan wasu ba za su so jin sa ba, ta hana a yi amfani da nakasasshe wajen bara.

Inda ya fi yi min ciwo shi ne gine-gine. Dokar ta ba masu gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara yadda nakasasshe zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Amma ka je wani banki da kekenka ka gani. Ƙofar nan mai kama da akwati, mutum ɗaya tak take ɗauka a tsaye. Sai mai gadi ya karɓi katinka ya shiga, kai kana rana kana jira, wani lokaci ma har lambar sirrinka sai ka faɗa masa. Wasu kuma sun zuba gangara don a ce sun yi, amma tsayuwarta ko ƙato ne ke tura ka sai ya yi nishi.

Don haka ni shawarata, mu ɗauki hoton irin waɗannan wurare, da rana da wata, mu haɗa takarda ɗaya mu kai wa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020. Hajiya, don Allah ki rubuta wannan muryar ki tura saboda 'yan uwanmu kurame da ke guruf ɗin. Na gode.