Na bar kodin wata bakwai, sai gashi na koma a gidan biki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah a sakaya sunana. Shekaruna 29, a Kano nake. Na fara shan kodin ne shekara huɗu da suka wuce bayan na haihu ɗan bai zo da rai ba, ina wankan jego ba jariri, barci ya ƙaurace min, sai wata ƙawata ta kawo min tace in kurɓa zan samu barci. Daga rabin kwalba har na kai uku a rana, wani lokacin in haɗa da rochi, ƙwayar nan mai sa barci. Aurena ya mutu saboda haka, na dawo gida, Yayana ya kaini asibiti aka kwantar dani, na fito nayi wata bakwai ban taɓa ba. Amma wallahi a wata bakwai ɗin nan ban ji daɗin komai ba, abinci ba ɗanɗano, hira ba daɗi. Sati biyu da suka wuce a bikin 'yar kawuna na haɗu da tsofaffin ƙawaye na sha kwalba ɗaya, ba wanda ya sani. Tun ranar kuka nake, ji nake na ci amanar Mama, ita da dama ko kemis zan je sai ta haɗa ni da ƙanina. Wahalata ta tashi a banza kenan? Kuma akwai mai nemana da aure, in faɗa masa ko in rufa wa kaina asiri?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sa ɗanki mai ceto ne. Zan fara da abinda baki tambaya ba domin shi yafi gaggawa. Jikinki na yau ba jikin da ya saba ɗaukar kwalba uku bane, wata bakwai ya isa juriyar nan ta zube ta koma kusan kamar ta wadda bata taɓa sha ba, kuma nan ne ake rasa mutane, mutum ya daina na wani lokaci sai ya dawo ya ɗauki adadin da ya saba, numfashi ya yi ta raguwa yana barci, da safe a zo tashinsa a tarar rai ya yi halinsa. Kodin in ya shiga hanta wani ɓangarensa mofin yake komawa, aikinsa har da danne numfashi, rochi shima danne shi yake, to ki ga an haɗa biyu. Saboda haka ko da shaiɗan ya sake cin galaba a kanki, Allah ya kiyaye, kar ki kuskura ki haɗa su kuma kar ki kulle kanki a ɗaki ke kaɗai. Na gwammace in faɗa miki wannan ƙiri-ƙiri da in yi kara.

To batun ko wahalarki ta tashi a banza, a'a bata tashi ba. Ki lissafa, kwana ɗari biyu da wani abu ba ki sha ba, rana ɗaya kin sha, kuma sati biyu kenan baki ƙara ba, kika zauna kika rubuto min. Masu nazarin jarabar ƙwaya a Amurka sun daɗe suna cewa tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan yi tuntuɓe, kusan daidai da yadda masu hawan jini ko asma suke samun ciwon ya sake tashi, kuma ba wanda yake cewa mai hawan jini maci amana ne don jininsa ya hau, asibiti ake mayar dashi a duba abinda ya canza. Abinda nake tsoro a wurinki ba kwalbar bikin bace, wannan kukan ne da kike yi a ɓoye, domin shi yake kawo tunanin nan na "tunda na ɓata bari in ƙarasa," kuma a aikina na ga yadda kunya take mayar da kwalba ɗaya ta zama katon guda. Ki samu mutum ɗaya ki faɗa masa cikin satin nan, ni dai da Yayanki zan fara tunda shi ya ɗauke ki ya kai asibiti, sannan ki koma wurin likitan da ya duba ki kar ki jira ranar da aka rubuta miki.

In kina ganin Allah ya gama fushi dake, ki tuna hadisin nan da yake cikin Bukhari na mutumin da ake yawan kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, yace yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ma cewa yayi kar ku zama mataimakan shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Mu nan mun iya haddace hukuncin maye amma wannan ɓangaren sai mu tsallake shi.

Rashin jin daɗin komai da kike faɗa kuwa sananne ne, kuma laifinmu ne mu ma'aikatan lafiya da bama gaya wa mutane tun kafin a sallame su. Ciwon jiki da gudawa da zufa da hamma na farkon dainawa sati ɗaya zuwa biyu ne sun wuce, kowa sai ya ɗauka shikenan an warke. Amma akwai sashen ƙwaƙwalwa da yake sa ki ji daɗin ɗanwake da yaji ko dariyar yaro, shekara huɗu ana zuba masa abinda yafi ƙarfinsa, sai ya rage ji don ya kare kansa, kamar wanda ya kwana kusa da lasifikar masu DJ, da safe in kin masa magana a hankali ba zai ji ba. Dawowarsa a hankali take, watanni ne, wasu har su haura shekara, kuma abinda yake taimaka masa ba wani abin mamaki bane, barci a lokaci ɗaya kullum, tafiyar ƙafa ko ta minti talatin ce bayan la'asar, cin abinci ko baki so, da wani aikin hannu da za ki ga sakamakonsa da idonki, ɗinki ne ko girkin sayarwa ko komawa islamiyya. Za ki yi su ne ba tare da jin daɗi ba da farko, daɗin daga baya yake biyowa.

Sai dai ke naki akwai ƙari, kuma nan nake so mu daɗe. Ban ga inda kika ce wani ya zauna dake a kan ɗan nan ba. A al'adarmu wadda ta haifi ɗa ba rai bata da zaman makoki na kirki, ba suna, ba rago, maza su ɗauke shi su kai tun kafin ki gama dawowa hayyacinki, wata ko fuskarsa ba a nuna mata, mata su shigo su ce "Allah ya kawo rayayye" su wuce, ke kuwa ga nono ya cika yana zuba, ga ruwan zafi safe da yamma, ga kayan jarirai da kika tara a akwati. In kika yi kuka ya wuce kwana uku a ce baki da tawakkali. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan irin wannan haihuwa a duniya, amma kusan kowacce ita kaɗai take haɗiye nata. Kodin ɗin nan a kan wannan miki aka ɗora shi, asibiti sun cire miki kodin, mikin yana nan yadda kika barshi shekara huɗu. To don me abinci zai yi ɗanɗano?

Don haka in kin koma kar ki tsaya a "na sake sha," ki ce musu kina so a duba ki a kan ciwon damuwa, ki basu labarin haihuwar tun daga naƙuda. Akwai magani na magana da ake yi zama-zama da masanin halayyar ɗan adam, akwai kuma na sha wanda baya bugarwa, yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, kar ki yar dashi a kwana biyar kice baya yi. A Kano akwai sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau, na Kaduna suna da na Barnawa, Sakkwato akwai Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya, kuma hukumar NDLEA ba kamu kawai take yi ba tana da masu bada shawara. In kuma tunanin gara ki mutu ya fara zuwa miki, wannan ba na jira bane, ranar za ki tafi asibiti. Abu ɗaya da zan roƙi danginki in maganar ta fito, kar wani ya kawo shawarar gidan mari, mun ga abinda 'yan sanda suka fito dashi a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa, duka baya cire jaraba, sabon tabo yake ƙarawa a kan tsoho. Addu'a da ruƙiyya ki riƙe su, basa faɗa da asibiti.

Kuma ki ba kanki izinin yi masa kuka, in kin raɗa masa suna a zuciyarki ki kira shi dashi, ki tambayi Mama ko ita ta taɓa rasa wani, za ki sha mamakin abinda tsofaffin nan suka binne basu taɓa faɗa ba.

Ƙawayen biki kuwa a goge lambobinsu, a fita daga guruf ɗin WhatsApp, ba gaba bace. Gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayu na 2018 bayan binciken da BBC ta yi, amma ni da ke mun san a ɗakin amarya ba a rasa shi cikin robar lemo. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, to ba za ki iya kauce musu gaba ɗaya ba, sai dai ki shirya. Biki na gaba ki je da rana ki yi Allah sanya alheri ki dawo kafin magariba, ba kwana. In sha'awar ta taso ki sani tashi take ta kai ƙololuwa ta sauka, yawanci bata wuce rabin awa, ki bar wurin, ki kira wani, ki yi alwala.

Mama da take haɗa ki da ƙaninki, na san da ciwo, mace mai shekara 29 da ɗan rakiya. Amma ita ma ta ga abinda ta gani, kuma rantsuwa bata dawo da yarda, maimaici ne yake dawo da ita, kin ce ƙarfe biyar za ki dawo kin dawo biyar, sau ɗari. Da ni ce ke ma ni zan riƙa kiran yaron da kaina kafin tace.

Mai neman aure, ra'ayina ki faɗa masa, amma ba yanzu da kike jiƙe da hawaye ba, kuma ba wai ki zazzage masa komai ba. Ki bari ki koma asibiti ƙafarki ta tsaya, in magana ta yi nisa kafin a sa rana ki ce masa kin yi rashin lafiya bayan rasa ɗanki, kin faɗa shan maganin tari, an yi miki magani kuma har yanzu kina ganin likita. Garin nan ba a ɓoye irin wannan, tsohon miji yana nan, danginsa suna nan, gara ya ji daga bakinki. Sannan akwai dalilin da yafi wannan, in Allah ya kawo ciki tsoron abinda ya faru zai dawo miki sabo, kuma a ɗakin haihuwa ko bayan tiyata allurar fenta da tiramadol ake yawan bayarwa, dangin kodin ne dukkansu, dole likitan ya san tarihinki kafin ya rubuta, wanda zai tsaya a bakin ƙofa ranar kuwa mijin ne. In ya ji ya gudu za ki yi kuka, na sani, amma ki yi shi a ɗakin Mama yafi ki yi shi da cikin wata takwas.

Ki sake rubuto min bayan kin ga likitan, ina so in ji me Yayanki yace.